Wasiƙar da Ba Ta da Uba

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai a garin Shanga



Ina godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ɗora mini nauyin yin magana a kan saƙonnin ƙarya da ke yawo a wayoyinmu. Abin da nake so mu koma gida da shi guda ɗaya ne. Ƙaryar nan tsohuwa ce, riga kawai take sauyawa, kuma duk wanda ya gane ƙirarta, da wuya ta sāke ruɗinsa.

Waɗanda suka yi makaranta kafin zuwan wayar hannu za su tuna da wata takarda da ake rabawa a ƙofar masallaci da tashar mota, wai wasiyyar wani Shehu Ahmad, mai hidimar kabarin Manzon Allah (SAW) a Madina. Takardar tana cewa ya yi mafarki, an umurce shi ya gargaɗi al'umma. A ƙarshenta sai alkawari da barazana: wanda ya kwafa ya raba zai sami buɗi, wanda ya yi watsi da ita zai ga asara a dukiyarsa ko 'ya'yansa. Wannan takarda ta girmi kakanninmu. Tun ƙarni na 19 ta kai har Indunusiya. Shaihun malami Rashid Rida, wanda ya rasu a 1935, ya ƙaryata ta a mujallarsa Al-Manar da ke fitowa a Masar, haka kuma Shehu Bin Baz na Saudiyya ya rubuta raddi a kanta. Duk da haka ba ta mutu ba. Ta tashi daga rubutun hannu zuwa tafireta, daga nan zuwa fotokwafi, yau ga ta a WhatsApp.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A 1997 wani saƙon imel ya karaɗe Amurka da Turai cewa Bill Gates zai biya duk wanda ya tura shi ga abokansa. Babu wanda ya ga ko sisi. A nan gida kuwa, wayar hannu ta shigo a 2001, kafin shekara uku sai ga labarin lambar da in ka amsa kiranta za ka faɗi ka mutu. Ya ɓulla a 2004, ya sāke dawowa a 2011, har sai da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fito ta bayyana cewa hakan ba ya yiwuwa.

Wani zai ce, to mene ne a ciki in na tura? In gaskiya ce na taimaka, in ƙarya ce ban rasa kome ba. 'Yan uwa, bari mu duba ko haka ne.

A watan Yulin 2014 cutar Ebola ta shigo Legas. Da asubahin ranar 8 ga Agusta wayoyi suka dinga ƙara a duk faɗin ƙasar nan: a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. 'Ya'ya suka kira iyaye, maƙwabci ya buga wa maƙwabci ƙofa, kowa da kyakkyawar niyya. Aƙalla mutum 2 aka ba da rahoton mutuwarsu, wasu kuma aka kwantar a asibiti, domin gishiri mai yawa guba ne, balle ga mai hawan jini. Ita kuwa Ebolar, a Legas da Fatakwal ta tsaya, ba ta taka ko jiha ɗaya ta Arewa ba, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar ta rabu da ita.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne na rigakafin shan inna. A 2003 aka baza cewa ɗigon yana hana haihuwa, wasu jihohi suka dakatar da shi, Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004. Cutar ta ƙaru a gida, ta kuma tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20. Mu lura da wani abu a nan. Tsoron mutane yana da tushe, domin a 1996, lokacin annobar sanƙarau, wani kamfanin Amurka ya gwada magani a kan yara a Kano. Ƙaryar da ta fi cuta ita ce wadda ta hau bayan gaskiya. Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma kafin furen ya kaɗe, yara nawa suka rasa ƙafafu?

To yaya za mu gane irin wannan saƙo? Alamominsa ba sa wuce huɗu.

Na farko, ba shi da uba. Za ka ji wani likita a Abuja, wani babban soja, wani malami a Makka, amma babu suna, babu rana, babu inda za ka same shi ka tambaya.

Na biyu, yana sa ka gaggawa: tura yanzu, kafin ƙarfe goma sha biyu, ga mutum goma. Mai gaskiya ba ya tsoron ka yi bincike.

Na uku, yana kama ka ta tsoro, ko kwaɗayi, ko addini. In aka ce gwamnati na raba tallafi, ko ana ɗaukar aiki, ko za a rufe asusunka sai ka aiko da BVN da lambar sirrin katinka, ka sani ɗan damfara ne. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya.

Na huɗu, yana karo da abin da ka riga ka sani. A ce an turo maka cewa an buɗe madatsar Lagdo, ruwa zai cinye Yauri da Shanga. Tuna darasin labarin ƙasa. Lagdo tana Kamaru, a kan kogin Binuwai, wanda ba ya haɗuwa da Kwara sai a Lokoja, can kudu da mu. Ruwan da ke zuwa mana daga Gini da Mali da Nijar yake gangarowa, tare da na gulbin Sakkwato, ya wuce mu zuwa tafkin Kainji. Wannan ba ya nufin mu raina gargaɗi. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar Kebbi gaskiya ce. Sai dai a nemi gargaɗin daga bakin hukumar NEMA da gidajen rediyo, ba daga muryar da ba a san mai ita ba.

Daga ƙarshe, ga inda nauyin ya faɗo a kanmu. Masunci a Ngaski, ko mai noman albasa a tsibiran Yauri, ko gyatumarmu a ƙauye, ba sa duba inda saƙo ya fito. Suna duba wanda ya turo. In daga lambar ɗansu malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ya zo, shi ke nan ya zama gaskiya. Wato duk abin da muka tura, mun sa masa hannu ne da sunanmu da takardar shaidarmu. Addininmu ma, a aya ta 6 ta Suratul Hujurat, ya umurce mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci wasu cikin rashin sani.

Saboda haka ina ba da shawara ga shugabanninmu, a kafa doka a zauren ƙungiya na WhatsApp: duk wanda ya turo labari ya faɗi inda ya samo shi. Wanda aka gano nasa ƙarya ne, a gaya masa cikin mutunci, shi kuma ya koma duk inda ya aika ya gyara. Ku kuma ƙannena ɗalibai, in saƙo ya ce ku tura, ku fara tambayar malaminku.

Allah ya tsare harsunanmu da yatsunmu, ya ɗaukaka wannan makaranta tamu.