Jawabin Yaye Dakarun Tsaron Al'umma na Boɗinga da Shagari

   

A 2024 gwamnatin Ahmad Aliyu ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, domin mutumin ƙauye ya sami wanda zai kira kafin soja su iso. 'Ya'yanmu da ake yayewa, yau amanar ta hau wuyanku, don haka ku saurari labarin wani jagoran mayaƙa da ya zauna a ƙasar nan da kuke takawa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu kuma wazirinsa.

Shi ya ja jama'a a Tafkin Kwatto cikin Yunin 1804, galibinsu 'yan baka ne a ƙasa, suka karya dawakin Sarkin Gobir Yunfa. A 1805 ya ci Birnin Kebbi. Amma a 1807, ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa, ya duba rundunar ya ga kwaɗayin ganima da neman sarauta sun shige ta, sai ya bar sansani ya fuskanci gabas da niyyar Makka. Ku lura, 'ya'yana: abokan gaba ba su iya kore shi ba, halin nasa mutane ne ya kore shi. Kanawa suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki da adalci, sannan ya komo. Da Shehu, yana Sifawa, ya danƙa masa ƙasashen yamma a 1812, nan Boɗinga ya zauna, daga baya ya koma Gwandu inda ya rasu a 1829.

Mun ga abin da bindiga ke yi a hannun da ba linzami. A 2021, bayan kisan da 'yan sa-kai suka yi a kasuwar Mamande, gwamnatin jiha ta haramta su. Bafillacen da ya kawo akuyarsa kasuwa ɗan ƙasa ne kamar ku, kada a tuhume shi saboda rigarsa ko harshensa. Wanda kuka kama, ku kai shi ofishin 'yan sanda da ransa, da kuɗinsa a aljihu.

Gwamnati kuwa, muna roƙon ta biya alawus a kan lokaci, ta riƙe iyalan duk wanda ya faɗi a bakin aiki.

Kwamanda, ga yaranka. Allah ya kai su lafiya, ya komo da su lafiya.