ƘOFAR SHIGA DA ƘOFAR FITA: JAWABI GA IYAYEN YARA A MBAMOI

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a wani taron iyayen yara a unguwar Mbamoi, cikin birnin Yola.



Kowace shekara idan sakamakon jarrabawar JAMB ya fito, akan shiga zullumi a gidaje da yawa daga nan Mbamoi har zuwa Jimeta. A shekarar 2024 yara fiye da 1,800,000 suka zauna wannan jarrabawa, alhali gurabe ba su isa ba. Wanda bai sami shiga Jami'ar Modibbo Adama ko ta Jiha da ke Mubi ba, sai a fara raɗa wa mahaifinsa labarin wata makarantar kuɗi wadda ba ta mayar da kowa. A kan wannan nake so mu yi nazari yau.

Masu son a tsananta zaɓe suna cewa da haka ake kare darajar ilmi. Masu son a buɗe ƙofa kuwa suna cewa yaron da ya fito daga sakandaren da ba ta da malamin lissafi bai kamata jarrabawar rana ɗaya ta yanke masa hukunci ba. Dukansu suna da hujja. To amma abin da ya fi cancanta uba ya tambaya shi ne: me ake yi da yaro bayan ya shiga, kuma da me yake fita?

Buɗe ƙofa ba aibi ba ne. A Ingila an kafa jami'ar karatu daga gida a 1969, wadda ba ta neman takardar shaidar komai kafin ta ɗauki mutum digirin farko, amma ba ta sassauta jarrabawar fita ba. Mu ma a Arewa mun san irin wannan hanya. Makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello ta ɗaga yara masu yawa a shekarun 1970, haka nan Kwalejin Share Fage ta Yola, wadda aka haɗe cikin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha a 1991. Har ila yau, tun daga 2014 Jami'ar Amurka ta Nijeriya, wadda Alhaji Atiku Abubakar ya kafa a nan Yola, ta karɓi wasu 'yan matan Chibok, ta fara da koya musu Turanci da lissafi a ajin share fage kafin su shiga karatun digiri. Wato an faɗaɗa ƙofa, sa'an nan aka kama hannun mai shiga.

Haɗarin yana inda aka haɗa buɗaɗɗiyar ƙofa da neman riba tsagwaronta. Dalili kuwa a fili yake: makarantar da riba ce manufarta tana cin moriyarta ne ranar da yaro ya biya kuɗin rajista, ba ranar da ya sami aiki ba. Ƙarin ɗalibi ƙarin kuɗi ne, ƙarin malami kuwa ragin riba.

Ƙasar nan ta taɓa ɗanɗana wannan. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1983, jami'o'i masu zaman kansu fiye da 20 suka ɓullo cikin 'yan watanni, da yawansu ba malamai ba kayan aiki, har Gwamnatin Mulkin Soja ta rufe su da doka a 1984. Sai a 1999 aka ba uku na farko lasisi bisa sharuɗɗa. A Amurka, kamfanin makarantu na Corinthian ya rushe a 2015 bayan an same shi da ƙarya game da yawan ɗalibansa da suka sami aiki, kuma a 2022 gwamnatin ƙasar ta yafe bashin karatu na dala biliyan 5.8 da ya rage a wuyan mutum 560,000. Kusa da gida kuma, a Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu ya bayyana yadda ya sayi digiri daga Kwatano cikin mako 6, abin da ya sa Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirorin Binin da Togo a Janairun 2024. Waɗanda suka yi karatun gaskiya a can ma abin ya shafe su.

Saboda haka, ya ku iyaye, kafin a sayar da sa ko gona, a yi tambaya huɗu. Shin hukumar da abin ya shafa, NUC ko NBTE ko NCCE, ta amince da makarantar da kuma ainihin kwas ɗin? Shin ɗaukar yaron ta bi ta hannun JAMB, domin kada a hana shi hidimar ƙasa? Cikin ɗalibai 100 da suka shiga, nawa suka gama? Waɗanda suka gama kuma, ina suke yau? Makarantar kirki ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi.

Ga hukuma kuma, roƙonmu shi ne a wajabta wa kowace makaranta, ta gwamnati ko ta kuɗi, buga waɗannan alƙaluma kowace shekara, a kuma ƙarfafa azuzuwan share fage. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka.