Sa'o'i Biyu Domin Ƙannenmu



Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Amma da yawa daga ƙannenmu na makarantun gwamnati ba sa taɓa na'urar sai jarrabawa ta ƙarato, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Magani yana hannunmu. A 2011 'yan sa-kai suka kafa CoderDojo a birnin Cork na ƙasar Ailan, suna koya wa yara rubuta umarnin kwamfuta kyauta bayan an tashi makaranta. Mu ma muna iyawa. Manhajar Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, kyauta ce, kuma tana aiki ko babu intanet. Yaro zai jera tubalan umarni, kyanwar da ke kan allo ta bi. In ta kauce, ya binciko kuskurensa da kansa. Wanda ya saba ba na'ura umarni ba zai ji tsoronta a ɗakin jarrabawa ba.

Roƙonmu shi ne sa'o'i biyu bayan la'asar kowane mako, da kwamfutocinmu, da izinin shugabannin makarantu. Duk wanda ya ɗauki aji, ya riƙe shi har ƙarshen zango, kuma kada a bar 'yan mata a baya. Kakanninmu sun yi yaƙi da jahilci a shekarun 1950; yanzu layi ya zo kanmu. Allah ya dafa mana.