Dalilin da Ke Sa Manomi Ya Bar Gawo a Gonarsa

Jawabin da aka gabatar a taron malamai na reshe, Nasarawa GRA, Kano

 

An nemi mu yi magana a kan noman da ba ya kashe ƙasa, mu kuwa muka zaɓi tambaya guda: me ke sa manomi ya rungumi irin wannan noma? Tambayar ta shafe mu ta fuska biyu. Da yawa daga cikinmu manoma ne, domin albashi shi kaɗai ba ya kai mu ƙarshen wata sai an haɗa da abin da gonar gado ta bayar. Sannan cikin yaran da ke zaune gabanmu a nan Nasarawa akwai waɗanda gobe za su hau kujerun ma'aikatar gona, su tsara wa talaka yadda zai yi da gonarsa. Idan muka ɗora su a kan gurguwar fahimta, manoman Gezawa da Minjibir su ne za su kwana a ciki.

Amsar da ta fi yawo a tarukan bita ita ce wayar da kai: wai manomi bai sani ba ne, da zarar an tara shi an yi masa lacca a kan kwararowar hamada, zai gyara. Tarihin ƙasar Kano bai goyi bayan wannan zance ba. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero, ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin nan tun daga shekarun 1960. Ya tarar da jama'a cunkushe, ana noma gona ɗaya kowace damina ba hutu, amma ƙasar ba ta mutu ba. Jakuna na shigo da itace cikin gari, su koma da mangalar taki da toka. Ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, harawa ta tafi ga dabbobi, kashin dabbobi ya dawo gona. Ɗorawa da tsamiya da kuka na tsaye, kowace bishiya da mai ita. Babu wanda ya yi wa kakanninmu bita. Gonar ce ƙarama, babu dajin da za a sake sarewa, dole mutum ya riƙe wadda yake da ita da kyau.

Darasin ya fi fitowa fili idan muka tsallaka iyaka zuwa Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar, wajen 'yan'uwanmu da muke harshe ɗaya da su. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa a can, kuma akasarin dashen bai rayu ba: rana ta ƙone wasu, awaki suka cinye wasu. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututturen, ya datse sauran, ya kare su. Wuƙa ko lauje ya isa. Mutanen can suka raɗa wa dabarar suna sassabin zamani.

To amma ku lura da abin da ya biyo baya. Da yunwar 1984 ta zo, aka riƙa bai wa manoma hatsi a bisa sharaɗin su bar itatuwa a gonakinsu. Suka bari. Da rabon hatsi ya ƙare, da yawansu suka ɗauki gatari suka share gonakin kamar yadda suka saba. Wannan ya isa ishara ga duk mai tunanin cewa kyauta ko umarni na iya dasa ɗabi'a. Waɗanda suka ƙi sarewa, su ne bayan 'yan shekaru maƙwabta suka ga matansu sun daina doguwar tafiya neman itacen girki, iskar farkon damina ta daina binne musu shuka da rairayi, har suna da itacen sayarwa a kasuwa lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Gani ya kori ji. Daga nan abin ya bazu daga gona zuwa gona, har masu bincike suka ƙiyasta cewa ya game kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman yankunan Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200.

Gawo ne sarkin waɗannan itatuwa, kuma halinsa kaɗai ya isa bayani. Yakan zubar da ganye da damina, saboda haka inuwarsa ba ta danne gero, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki. Da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, sai ya yi kore ya ba dabbobi 'ya'yansa. Manomin da ya ga zangarniyar da ke ƙarƙashin gawo ta fi ta gefe kauri ba ya bukatar a karanta masa sunan sinadarin da saiwar ke ƙara wa ƙasa.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba, wanda a ganinmu shi ne ginshiƙi. Tun zamanin mulkin Faransa dokar daji a Nijar ta mai da itatuwa mallakar hukuma. Mutum na iya shan tara a hannun ma'aikacin gandun daji saboda ya sare reshe a gonarsa ta gado. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Sai da aka sassauta wannan riƙo, har dokar daji ta 2004 ta ƙara wa manoma iko da itatuwan gonakinsu, sannan hankali ya kwanta. Haka wanda ke noma gonar aro ko ta jingina ba zai zuba takin gida da amfaninsa ke ɗaukar shekaru ba, tunda bai san ko baɗi gonar na hannunsa ba. Kada mu kira shi jahili. Lissafinsa daidai ne.

Ko buhun PICS mai ruɓi uku, da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe musu iska, ya samu karɓuwa ne domin yana barin manomi ya ajiye wakensa ba guba har farashi ya tashi. Mun kuma san cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. Tsadar takin zamani tun daga 2022 ita ma ta mai da mutane da yawa ga takin gida, abin da shekarun wa'azi suka kasa yi.

'Yan'uwa malamai, abin da ya rage namu ne. Har yanzu akwai ajin da ake koya wa yaro cewa gyaran gona yana farawa da tumɓuke kowane kututture, a kuma ba shi maki a kan haka. Muna roƙon malaman kimiyyar noma su yi wa wannan darasi gyara tun daga zangon nan. Makarantar da ke da lambu ta ware kunya biyu, ɗaya da takin gida ɗaya babu, yara su auna amfanin da hannunsu su rubuta. Wadda ke da fili ta nemi kututture mai toho a jikin katanga, a damƙa wa aji ɗaya renonsa har su gama makaranta. Muna kuma ba reshe shawarar ya gayyato dattijon manomi daga ƙauyukan kewaye ya tsaya gaban allo, a ba shi kujera da lada irin wanda ake ba kowane baƙon malami, yara su tambaye shi dalilin kowace bishiyar da ya bari a gonarsa.