Kafin mu hita ziyarar muze: jawabi ga masu rakiya

Na ga sunayen da aka rubuta don rakiyar ƙannenmu makafi, kurame da masu keken guragu zuwa gidan tarihi na Boubou Hama, nan Yamai. Madalla da wannan himma. Amma akwai tambayar da nake son mu amsa tun kafin mu shiga mota: yaron da ba ya gani, mi za shi yi a wurin da aka gina don kallo?

In ba mu shirya ba, ga abin da za ya faru. Za mu riƙe hannunshi, mu tsaya gaban gilashi, mu ce mai "ga wata riga nan mai kyau". Ya ce to. Mu sha jus, mu ɗauki hoto, mu sa a Facebook, jama'a su yi ta sa mana albarka. Shi kuwa ya koma gida da abin da ya zo da shi.

Wasu sun riga mu tunanin wanga al'amari. A garin Ankona na Italiya akwai gidan tarihi mai suna Omero, an buɗe shi a 1993. Wasu makafi biyu, Aldo Grassini da matarshi Daniela Bottegoni, su suka kawo shawarar, don sun gaji da jin "kar a taɓa" duk inda suka je. Can taɓawa ita ce ƙa'ida. Ana ajiye kwafin sassaƙe-sassaƙe da ƙananan samfurin gine-gine, mutum ya bi su da yatsu har siffar ta zauna mai a kai, ga bayani da rubutun makafi a gefe. Madrid ma na da irinshi tun 1992, ƙungiyar makafin ƙasar ce ta kafa shi. Ku lura, duka biyun makafi ne suka faɗi abin da suke so, ba a zauna bayan idonsu an yanke musu ba.

To mu ba mu da Omero, amma muzenmu na da abin da hannu zai karanta. Akwai maƙeran azurfa, dukawa da masaƙa suna aiki a ciki. A sa ma yarinya kuros na Agadas a tafin hannu, a sa mata na Tawa, ita da kanta za ta faɗi bambancinsu. Ta ji ƙamshin jima, ta ji ƙarar masaƙa. Akwai samfurin gidajen gargajiya, inda za a shafa ginin ƙasa a gane shi daban da tantin Abzinawa. Ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe da itacen Tenere, wanda mota ta kaɓe a 1973, waɗannan sai da izini, kuma in an ce a'a, da dalili. Can sai mu iya bayani: tsawonshi taku nawa, kaurinshi kamar mi. "Babba ne sosai" ba bayani ba ne.

Kurame kuma, in babu mai fassara da maganar hannu, mun kai su kallon leɓen gid ne kawai. Masu keke, filin ya kai hekta 24, don haka mutum biyu su je tun da wuri su bi hanyar, su ga inda yashi yake da inda matakala take, har da bayan gida, wanda kullum shi ake mantawa.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma shiga harkokin al'adu na cikinta. Saboda haka takardar da za mu kai ma hukumar muzen, mu rubuta ta da ladabi, amma kar a sa kalmar sadaka a ciki.

Sai maganar ɗan jagora. Mun saba ganin yaro na jan makaho da sanda, har muna zaton haka ake rakiya. Ka tambayi mutum tukuna, in yana so ya kama gwiwar hannunka. Ka yi magana da shi kai tsaye, ba da malaminshi ba. Kuma ba a ɗaukar hoton kowa sai ya yarda.

Kwamitin tsara ziyarar na da kujeru shida. Ina ba da shawara uku su zama na waɗanda za mu raka, su zaɓi wuraren da za a tsaya. Mai wata magana kan haka ya ɗaga hannu.