Kurman Layi da Yadda Ake Gane Shi



Layin da ya yanke ɗungum ba ya wuyar ganewa. Mugun layi shi ne wanda ya kurumce, yana faɗi ba ya ji. Wayar gilashin da ke haɗa na'urorin rarraba saƙonni zare biyu gare ta, na aikawa da na karɓa. In ɗaya ya lalace, fitila tana iya nuna lafiya lau, alhali saƙo gefe guda kurum yake bi.

To, ga inda haɗarin yake. Tsarin da Radia Perlman ta ƙago a 1985 yakan toshe wata kafa don kada saƙonni su yi ta kewaye. Idan kafar nan ta yi daƙiƙa 20 ba ta ji maƙwabciyarta ba, bayan wasu 30 sai ta buɗe. Nan take saƙonni su cunkushe, aikin ma'aikata ya tsaya cik.

Maganin da Cisco ya fitar, watau UDLD, tamkar sallama ce da amsawa. Kowace daƙiƙa 15 na'ura takan faɗi sunanta da na wadda take ji. In maƙwabciya ta yi magana ba ta ambace ta ba, sai ta rufe kafar.

Saboda haka kada ma'aikaci ya gaskata fitila sai ya ji amsa.