Izni da Shaida a Tsarin NFS



Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san ba kowa ake miƙa wa fayil ɗin asiri ba. Akawu yakan tabbatar da wanda ya aiko masinja, sa'an nan ya buɗe durowa. To, idan kwamfuta ce 'yar aiken, wace shaida za a nema daga gare ta?

A shekarar 1984 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya fito da NFS, watau tsarin da kwamfuta za ta karanta fayil ɗin da ke ajiye cikin wata, tamkar nata. Mu kira ta farkon mai nema, ta biyun kuwa ma'ajiya. A tsarin Unix, wanda NFS ya taso a cikinsa, kowane mutum yana da lamba, kowane fayil kuma an ƙayyade mai karanta shi da mai rubutu a ciki. Mai nema takan aika da lambar mutum, ma'ajiya ta gaskata ba tare da bincike ba. A nan gizo ke saƙa, domin wanda ke iko da kwamfutarsa yana iya aron lambar kowa. An ɗan rage ɓarna da aka sa ma'ajiya ta riƙa ɗaukar lamba 0, ta mai cikakken iko, a matsayin baƙo, amma ƙofar aro ba ta rufu ba.

Har wa yau, mai nema takan dubi ƙa'idodin fayil ta yanke hukunci da kanta. Sai ta ce wa mutum bismilla, yana miƙa hannu ma'ajiya ta hana shi. Saboda haka fitowa ta 3, a 1995, ta ƙaro umurnin ACCESS, inda mai nema ke tambayar ma'ajiya tun kafin a buɗe fayil. Fitowa ta 4 kuwa, a 2000, ta wajabta tanadin Kerberos, wanda ke neman hujjar da ba a iya arowa, ko da yake ma'aikatu da yawa ba su kunna shi.

Jama'a, ba a ba kura ajiyar nama. Hukuncin izni na mai ajiya ne, kuma faɗin suna bai zama shaida ba. Takardun albashinku da sakamakon jarrabawarku a kan wannan suka dogara.

Allah ya sa mu dace.